Zakeyo, Baƙo a Ƙasar Uwata

Faɗanmu na farko da Zakeyo a kan kunyar gyaɗa ne. Ya fito da amalanken shanunsa da sassafe zai kai masarar mutane kasuwa, ya tarar hanya ta zama taɓo, sai ya kauce ya bi ta gefen gonata. Tayar amalanken ta markaɗe mini shuka tun daga bakin hanya har gindin ɓaure, bijimin nan nasa mai karyayyen ƙaho kuma ya miƙa wuya ya yagi ganyen kabewata, yana tafe yana tauna hankali kwance. Ina tsaye da fartanya a hannu.

Na ce, "Kai, mijin Esinati! Tsaya nan. Idanunka a ƙeya suke?"

Ya ja igiya, ya sauko, ya cire hular kabarsa ya riƙe a ƙirji kamar mai shiga majami'a. Ya ce, "Ina kwana, Yaya Dolika. Ki yi haƙuri, hanyar ce ta lalace. In na dawo zan tayar miki da kunyar."

"Ka tayar da kunya, gyaɗar da ka niƙe fa? Ko tayar da matattu ma ka iya?"

"Zan kawo iri, Yaya."

Na ce, "Bari in tuna maka, tunda shanu biyu sun sa ka mantuwa. Nan ƙasar uwata ce. Ta gada wurin uwarta, ni da Esinati muka gada wurinta. Kai aure ya kawo ka, aure ke riƙe da kai. Ko ƙurar da ke ƙafarka tamu ce, ranar da za ka tafi sai ka kakkaɓe mana abinmu. Zakaran aro kawai, sai cara a gidan mutane!"

Matan da ke hanyar rafi suka kwashe da dariya, har wata ta kusa yar da tulu. Na zaci zai fusata, in samu abin kaiwa gaban dagaci. Sai ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Gaskiya ne, Yaya, ƙurar taku ce." Da yamma ya dawo ya tayar da kunyoyin, miƙaƙƙu kamar an ja zare, ya shuka irin da ya kawo. Gyaɗar wannan gefen ta fi ta sauran gonar yi. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambaya wa ya yi mini aikin nan. Abin ya fi ɓarnar ƙona mini rai.

Tun yana saurayi ya zo mana, daga wani ƙauye can bakin tabki. Siriri, dogo, kunnuwa kamar faifai. Abin da ya shigo da shi bai wuce na kowane ango ba: bargo, gatari, fartanya. Uwarmu ta nuna masa inda zai kafa ɗaki da yankin da zai noma wa 'yarta, ya durƙusa ya yi godiya. Ni dariya na yi. Na ce da Esinati, "Wannan naki iska za ta ɗauke shi kafin masara ta yi goyo."

Don ku gane, ni ce babba, ni ce kuma mai kyan. Ku tambayi duk wanda ya rage cikin tsofaffi. Esinati ko nsima, tuwonmu na masara, ba ta iya tuƙawa ba sai da gudaji, ga barcin rana, ga dariya ba dalili. Mijina Lufeyo kuwa namiji ne na nunawa, ƙirji kamar ƙofar rumbu. 'Yata Malita tana goye ya bi masu ɗibar ma'aikata zuwa ramukan zinariya na Joni, can Afirka ta Kudu. Ya aiko mini da bargo mai zanen damisa ta hannun wani mutumin Dedza. Daga bargon nan shiru, har yau da nake wannan magana. Shi kuwa mai kunnuwan faifai, iska ba ta ɗauke shi ba.

Namijin da aure ya kawo garinmu, in yana da hankali, ya san inda zai zuba dukiyarsa. Ba ya dasa itace, ba ya gini da gasasshen bulo, don ranar da aure ya ƙare, da saki ko da mutuwa, itace da bango ba sa bin mutum. Sai ya tara abin da za a iya korawa ko a saɓa a kafaɗa: akuya, keke, rediyo. Da farko Zakeyo ya bi wannan hanya, har ya fi kowa iya ta. Ya noma taba shekara bayan shekara, bai kai kuɗin wurin masu giya ba kamar sauran. Ya sayi maruƙa biyu ya hore su da kansa, yana yi musu hira kamar 'ya'yan cikinsa. Ya samo tsofaffin tayoyin mota, ya kai wa maƙeri, ya fafe katako da hannunsa, amalanke ya tashi.

Daga nan ƙauyen nan kaf a bayan amalankensa yake tafiya. Masara zuwa injin niƙa, taba zuwa wurin awo, mai naƙuda zuwa asibiti, amarya da tukwanenta, gawa da masu kuka. Ba ƙauyen da ke tsakanin nan da dutsen Dedza da bai san ƙarar tayarsa ba. Ya san wace gada ke cin shanu, ya san wane gari ake sayar da gishiri da arha. In ya dawo maza su kewaye shi, ya kwance musu labarin duniya kamar wanda ya je ƙarshenta.

Wannan duk bai dame ni ba. Namiji ai don yawo aka yi shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda yake ɗaukar Esinati. Ranar kasuwa sai ya shimfiɗa mata tabarma a kan buhuna, ta hau ta miƙe ƙafa, ta buɗe laima, kamar matar dagaci. Ni ina gefen hanya, kwandon rogo a ka, gumi har ido. Sai ya ja igiya.

"Yaya, hau mana, akwai wuri."

"Ƙafafuna ba na aro ba ne."

Esinati ta leƙo ƙarƙashin laima. "Haba Yaya, to kawo kwandon ko."

"Kwandona bai ce ya gaji ba. Ku wuce, warin shanunku na tayar mini da zuciya."

Haka muka yi ta yi shekaru. Ban taɓa ɗora ko yatsa a kan katakon nan ba, kuma ina alfahari da haka.

Wani rani ya kai ta har bakin tabki ta gaishe da danginsa. Macen da ba ta taɓa wuce kasuwa ba! Ta dawo da buhun busassun ƙananan kifin nan, usipa, da zane mai launin ruwa, da baki wanda ba ya rufuwa. Wai ruwa ba a ganin ƙarshensa. Wai rana daga cikinsa take fitowa. Wai ta shiga har gwiwa Zakeyo na riƙe da hannunta. Tana ba da labari kamar ita ta haƙa tabkin. Ta kawo mini kwano guda na kifin, na ce yashi ya yi masa yawa. Na dai ci, don zubar da abinci ba kyau.

Amma Allah ba ya ba mutum duka. Esinati maza kawai ta haifa, su uku. Kowanne ya girma ya bi matarsa garinsu, ƙaramin, Yotamu, ya tafi Lilongwe ya zama direba. Ni kuwa ina da Malita, Malita kuma ta haifi mata. Ko makaho ya ga inda ƙasar uwarmu za ta gangara. Duk mai hankali a matsayin Zakeyo sai ya ƙara shanu, ya ƙara tayoyi, ya zauna da shirin tafiya.

Sai ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Esinati ta fara tari, irin mai tashi duk damina in ciyawar rufi ta jiƙe. Rana ɗaya muka ga wani makiyayi ɗan ƙabilar Ngoni ya kora shanun nan biyu, amalanke na biye, Zakeyo na tsaye yana kallonsu har suka sha kwana. Ya sayar. Ya haƙa rami bayan gida ya buga bulo, ya gasa, ya ta da gida mai ɗaki uku, ya rufa kwano, ya sa siminti a ƙasa, har da taga mai gilashi. Bai tsaya nan ba. Ya dasa mangwaro da piya a kewaye, ya haƙa rijiya a fadamar Esinati. Duk a kan ƙasar da ko taƙi ɗaya ba nasa ba.

Maza suka same shi a gindin ɓaure. Ƙanena Tenthani, wanda ke riƙe da maganar gidanmu, ya ce, "Suruki, lafiyarka kuwa? Ka sayar da ƙafafunka ka sayi bango? Ranar da aka ce ka tashi, a kai za ka ɗora shi?"

Zakeyo ya ce, "Tari take yi."

Iyakar amsarsa ke nan. Tari take yi! Ni ma na yi tari a ɗakin nan nawa mai yoyo, damina nawa, wa ya sayar da ko kaza? In ruwa ya sauko da rana ina tsugune ina tara kwanoni a ƙarƙashin ɗigo, ina jin ƙarar ruwa a kan rufinsu kamar ana kiɗan biki, ina jin dariyarta tana fitowa ta tagar nan mai gilashi.

Ta more gidan 'yan shekaru. Sai wata kaka, masara na tsaye a gona ba a karya ba, tarin ya tafi da ita. Na yi kuka, ƙanwata ce, ciki ɗaya. Shi kuwa bai yi kuka a gaban mutane ba. Kullum da safe sai a gan shi ya nufi kurmin da muke binne namu, ya tsaya daga bakin itatuwa, don baƙo ba ya shiga sai da izini, ya daɗe, ya juyo.

Kowa ya san abin da ke tafe. In shekara ta zagayo ana dama thobwa, kununmu na masara, a yi askin ƙarshen makoki, a zaunar da mijin marigayiya a kan tabarma a ce masa an gode, an sallame shi. Ya ɗauki bargonsa da gatarinsa da fartanyarsa ya koma inda ya fito. Sai fa in babbar macen gida ta ce ya zauna. Tenthani ne zai yi magana a taron, amma bakina zai duba kafin ya buɗe nasa.

Ana saura 'yan kwanaki Zakeyo ya zo da nonon ayaba, ya ajiye a bakin ƙofata, ya zauna a ƙasa. Kansa ya yi fari fat, kunnuwan nan sun ƙara faɗi.

Ya ce, "Yaya, can bakin tabki ba wanda ya san ni yanzu. 'Yan'uwana mata sun rasu. 'Ya'yansu ko fuskata ba su sani ba."

"To ni me zan yi? In haifo maka sababbi?"

"'Ya'yana kuma kowa a ƙasar matarsa yake. Ba a kai wa suruka tsoho."

"Da ka yi wannan tunanin kafin ka sayar da shanu."

Ya murza hularsa a hannu. Na ɓare ayaba ɗaya na ci a gabansa. Na ce ba ta gama nuna ba, ya tafi, zan yi tunani.

Ranar taro gari ya cika. Aka yi aski, aka sha thobwa, aka zaunar da shi a tabarma. Ya riga ya naɗe bargonsa ya ɗaure da igiya ya ajiye a gefe, don kada a ce sai da aka roƙe shi. Tenthani ya yi ta zagaye-zagaye, ya yabi shanun da aka sayar, ya yabi rijiya, yana satar kallona. Na bar shi ya yi gumi tukuna, sannan na gyara ɗaurin zane na miƙe.

Na ce, "Ba na korar tsoho, kada a ce Dolika ba ta da imani. Ya zauna. Amma bangon da ke kan ƙasar uwata na 'ya'yan uwata ne. Ni zan shiga gidan kwano. Shi ya koma ɗakina, ga kuma gefen tudun nan mai tsakuwa, ya noma abin da zai ci. Zamansa kuma a bakina yake, ranar da na ce ya isa, ya isa."

Tenthani ya matso ya rage murya. "Yaya, ɗakin nan naki fa yoyo yake yi."

Na ce da ƙarfi, "Na sani. Ni nake kwana a ciki tun kana da haƙora."

Na so Zakeyo ya yi gardama. Na so ya ce shi ya gasa bulon, shi ya sayi kwanon, in amsa masa a gaban jama'a, don na tanadi amsar tun tuni. Sai ya tafa hannu a hankali irin na godiya, ya ce, "Na gode, Yaya." Ya ɗauki bargonsa ya nufi ɗakina.

Na shiga gidan kwano. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa kafin saukar damina gidan nan tanda ne. Da rana kwano ya yi ta ƙara yana gasa mutum. In ruwa ya zo kuma ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Simintin ya sa mini ciwon gwiwa. Mangwaron da nake hange da daɗi, ashe duk yaran gari a kansa suke wuni, na yi ta jifa har kafaɗata ta riƙe. Mata suka daina leƙowa, wai don na ce a riƙa wanke ƙafa kafin a taka mini daɓe. Laifi ne?

Shi kuwa, kafin damina ta biyu, sai ga ɗakina na dā ya zama abin kallo. Ya yanko doguwar ciyawar fadama ya sake rufi, mai kauri, ko ɗigo. Ya shafe bango da jar ƙasa, ya ja farin layi a gindi. Inda nake zubar da toka da ruwan wanke-wanke, nan ya dasa ayaba, ta tashi ta fi ɗakin tsawo. Tudun tsakuwar da ban taɓa samun ko kwando guda a kansa ba, ya tsince duwatsun ya jera su a gefe, ya sa dankali, sai da aka taya shi haƙa. Ya kafa benci a inuwa. Masu amalanke na ƙauyukan kewaye suka riƙa kawo masa gyara, maza suka dawo da hirarsu can, ana dariya har ina jiyowa ta tagar gilashi.

Wannan mutum da wani abu a hannunsa, ba wanda zai ce mini banza ne. Ƙasa ɗaya, toka ɗaya, ni ta ƙi ni, shi ta bi shi?

Har Malita, 'yar da na haifa. Na kama ta rana tsaka da kwanon nsima da miyar ganyen kabewa da gyaɗa, ta nufi can.

"Ina zuwa da wannan?"

"Wurin Baba Zakeyo, Inna. Naki na kan wuta."

"Nawa na kan wuta! Shi ya goya ki? Shi ya yi miki tsarki?"

"Inna, ke ai ba a iya miki. In na kawo ki ce gishiri ya yi yawa."

"To ya yi yawa mana!"

Wata rana na taka har can, na tsaya a kansa yana fafe katako. Iska mai sanyi na kaɗawa ta cikin ayaba, inuwar nan kamar a kwanta. Na ce, "Ka dai san ɗakin nan aro na ba ka."

Ya ce, "Duk ranar da kike so, Yaya, sai mu sake musaya."

Na juyo. Na san halinsa. In na mayar da shi gidan kwano, wata uku ya isa ya mai da shi aljanna, ni kuma ayabar ta bushe a hannuna, gari ya samu abin dariya.

Haka ya zauna a bakina shekaru, ban ce ya isa ba, ban kuma ce ya zama ɗan gida ba. Bara ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Yotamu ya zo daga Lilongwe da motar maigidansa zai kai shi babban asibiti. Aka fito da shi, aka buɗe ƙofa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan hanya ya dafe ƙofar mota ya ce ba ya shiga sai an kira ni.

Na zo ba da sauri ba. Na leƙa cikin motar. Kujeru masu laushi kamar cinyar jariri, har da wani sanyi da ke fitowa daga gaba. Ni ban taɓa shiga irinta ba, shi ko ciwo ma sai ya zo masa da gata.

Ya ce, "Yaya, in abin bai yi daɗi ba, yaran nan bakin tabki za su kai ni. Haka aka saba. Su haƙa mini rami cikin mutanen da ban sani ba."

"To?"

"Kurmin nan nake roƙo."

Yotamu ya sunkuyar da kai. Tenthani ya kau da fuska, don tunda aka kafa garin nan ba a taɓa kwantar da namijin da aure ya kawo a kurmin iyayenmu mata ba. Duk suka zuba wa bakina ido. Na dube shi, hula a ƙirji. Wato ko a can ma Esinati ce za ta samu mai zama kusa da ita.

Daga tafiyar nan bai dawo da rai ba, wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na ce, "Shiga mota, kana ɓata wa yaro mai. Za a kawo ka, na faɗa, kowa ya ji. Amma gefen Esinati nawa ne, ni na riga ka saninta. Kai ta wajen ƙafafunmu za a sa ka."